Na gwada ScotlandsPeople don neman ƙorafin masu biyan harajin matalauta

Na yi aikin karɓar lanho da fatanti a nan Tawa har na yi ritaya, kuma rabin aikin nan sauraron ƙorafi ne. Wannan ya ce an yi masa yawa, wancan ya ce rumfar ba tasa ba ce, ta ƙanensa ce da ya tafi Abijan, wata ta zo da takardar mijinta da ya rasu tun bara. Shi ya sa da ɗan ƙanwata, wanda yake karatun Turancin Ingilishi a jami'a a Yamai, ya ce mini a ƙasar Sikotland akwai tsofaffin kundaye na irin wannan rigima, kuma ana iya ganin wasunsu ta intanet, ban bar shi ya koma hutu ba sai da ya buɗe mini asusu a ScotlandsPeople, shafin intanet da ake ganin kundayen. Ga abin da na gani, ga kuma wanda nake ganin abin zai yi wa amfani.

Hukumar adana takardun tarihi ta Sikotland ce take gudanar da shi daga Edinbara, babban birnin ƙasar. Rajista kyauta ce, adireshin imel kawai ake so. Neman suna a jerin sunaye ma kyauta ne. Inda kuɗi yake shiga shi ne in kana son buɗe hoton wasu takardu ko ajiye shi a kwamfutarka: sai ka sayi maki da katin banki, kowane shafi ya ci nasa. A nan ne mutumin Nijar zai fara tuntuɓe, don sai katin da yake aiki a ƙasashen waje, kuma kuɗin da fam na Ingila ake lissafa shi. Nawa katin ya ƙi, bankina suka yi ta yi mini je ka dawo, a ƙarshe da na wani abokina ɗan kasuwa muka biya, na ba shi sefa a hannu.

Kafin in ce komai a kan kundayen, dole in faɗi yadda harajin yake, in ba haka ba mai karatu zai buɗe shafi ya ga lambobi kawai. An raba Sikotland gunduma-gunduma ta coci, wajen 880. Tun dokar 1579 an yarda a ɗora wa mazauna gunduma kuɗi don ciyar da gajiyayyu, amma yawancin gundumomi sun yi ƙarni biyu da rabi suna kauce wa hakan. Abin da ake tarawa a ƙofar coci ranar Lahadi, da tarar masu laifi, da kuɗin hayar baƙin mayafin da ake rufa wa akwatin gawa, da wasiyyar masu hali, su ne dattawan coci da manyan masu ƙasa suke rabawa. Babban malaminsu Thomas Chalmers ya tsaya kai da fata cewa harajin dole yana kashe tausayi, yana koya wa talaka zaman jira, har ya gwada tsarinsa na sadaka zalla a wata gunduma ta Gilasgo daga 1819. Sai ga 1843, shi kansa Chalmers ya jagoranci malamai sama da 450 suka fice daga cocin gwamnati suka kafa nasu. Jama'a suka bi su da sadakarsu, asusun matalauta ya rame. A 1845 aka yi sabuwar doka: kowace gunduma ta kafa kwamiti da sufeton matalauta, a Edinbara kuma aka kafa hukumar sa ido ƙarƙashin Sir John McNeill. A lokacin gundumomi wajen 230 ne suke karɓar harajin dole. Kafin ƙarnin ya ƙare kusan duka sun shiga.

To, ƙorafi daga nan ya taso. Dokar ta ba kwamiti zaɓi. Ko dai a raba nauyin gida biyu, rabi kan masu gidaje da gonaki, rabi kan ƴan haya, gwargwadon kuɗin hayar shekara. Ko kuma a haɗa da ƙiyasin abin hannun mutum: ribar kantinsa, albashinsa, kuɗin da ya ba da rance, jirgin ruwansa in yana da shi. Wanda abin da yake samu bai wuce fam 30 a shekara ba, ba a taɓa shi ta wannan hanya ta biyu. Idan an gama jerin, a aika wa kowa takardar abin da aka ɗora masa, a sa ranar da kwamiti zai zauna ya ji masu ja. Wanda ya ƙi biya bayan haka, a samo izinin alƙali a kama kayansa.

Duk wanda ya taɓa ƙiyasta fatanti a kasuwar Tawa ranar Lahadi ya san ƙarshen hanya ta biyu tun ba a gaya masa ba. Gida ana ganinsa, ana iya tambayar ɗan haya nawa yake biya. Amma wa zai gaya maka ribar mai kanti? Kai mai ƙiyasi sai ka duba rigarsa, ka duba dokinsa, ka saurari maƙwabta, ka rubuta lamba. Shi kuma in yana son a rage masa, sai ya buɗe littafin cinikinsa a gaban mutanen da wasunsu abokan gasarsa ne, ko masu binsa bashi. Ɗan kasuwa ya gwammace ya biya abin da ya wuce ƙima da ya tona wa kansa asiri cewa jarinsa ya karye. Mai wayo kuwa ya sa tsohuwar riga ya zo yana rantsuwa. A 1861 majalisa ta soke wannan hanya, aka koma kan gida da gona kaɗai, kuma ni a ganina sun yi daidai, ko da yake hakan ya bar attajirin da yake zaune a ƙaramin gida yana biyan ƙasa da manomin da yake haya a babbar gona.

Yanzu ga kayan da ke kan ScotlandsPeople. Abin da ya fi ba ni daɗi shi ne kundayen majalisar dattawan coci, waɗanda aka sa a watan Maris na 2021, hotuna sama da miliyan ɗaya. Kallonsu kyauta ne, sai in za ka ajiye shafi ake cire maki. Suna cikin sashen da ake kira Virtual Volumes. Ba a tsara su da sunan mutum ba, da sunan gunduma da shekara ake shiga, sannan ka bi shafi-shafi kamar mai littafi a hannu. Shafin lissafi shi ne ya fi sauƙi ga irina: gefe ɗaya abin da ya shigo, ranar Lahadi kaza an tara kaza, hayar mayafin gawa kaza, ɗaya gefen abin da ya fita, ga gwauruwa kaza, ga makaho, ga kuɗin takalmin maraya, ga akwatin gawar baƙon da ya mutu a hanya. Layi uku ne na kuɗi, fam da sule da kwabo, sule 20 fam ɗaya, kwabo 12 sule ɗaya, lissafin da dattawanmu masu fatauci zuwa Sakkwato ta Ƙonni suka sani sarai. A kula da abu ɗaya: a tsofaffin kundaye sau da yawa da fam na Sikotland ake lissafi, kuma 12 nasa ne ɗaya na Ingila. Wanda bai san haka ba zai ɗauka gwauruwar nan ta ƙoshi.

Rubutun hannun shekarun 1800 bai yi nisa da na tsofaffin akawunan zamanin Faransa da na tarar da rajistocinsu a ofis ba, ido yana sabawa. Na shekarun 1600 wani abu ne daban. Ɗan ƙanwata ya ƙura wa wani shafi ido, ya juyo ya ce, "Kawu, wannan ba Ingilishin da aka koya mana ba ne." Na ce, "To ɗana, mu tsallaka gaba shekara ɗari biyu, lanhon ma can yake." A kwamfuta ake jin daɗin aikin, don sai an ƙara girman hoto an rage, a salula ido zai gaji kafin a gama shafi biyu. Da dare rezo ya fi sakin jiki a unguwarmu, in wuta ba ta ɗauke ba.

Abu na biyu, wanda shi ne na biya wa kuɗi kuma ban yi da-na-sani ba, shi ne jerin ƙimar gidaje da gonaki. Dokar 1854 ta sa a riƙa yin sa kowace shekara daga 1855, kuma bayan haka a kansa kwamitocin gunduma suke ɗora harajin matalauta. Akwai na 1855, 1865, 1875 da sauransu har zuwa 1940, kuma waɗannan ana iya nemansu da sunan mutum ko na wuri. Shafin a tsare yake: irin kadarar, gida ne ko kanti ko gona ko injin niƙa, sai mai ita, sai ɗan haya, sai mazaunin ciki, sai kuɗin hayar shekara a ƙarshen layi. Da wannan lambar ta ƙarshe kana iya sake lissafin da mai ƙorafi ya yi a ransa. A ce kanti ne na hayar fam 20. Doka ta yarda a cire kuɗin gyara da inshora, a ce fam 2, saura 18. In kwamiti ya yanka sule ɗaya kan kowane fam, sule 18 ke nan, 9 na mai gida, 9 na ɗan haya. Ka ga wuraren faɗa har uku a lissafi ɗaya: hayar kanta, abin da za a cire na gyara, da rukunin da aka sa kadarar, don doka ta bar kwamiti ya raba gidaje da kantuna da gonaki ya yanka wa ƴan hayarsu kuɗi daban-daban. Kuma kowane irin ƙorafi da ƙofarsa. Mai ja da ƙimar haya wajen kwamishinonin lardi yake zuwa, ko mahukuntan gari in a birni ne. Mai cewa ba shi da halin biya, kwamitin gunduma ne yake da ikon yafe masa.

Wannan yafewar tana da ƙaya a ciki. Bayan dokar zaɓe ta 1868, wanda aka yafe wa harajin matalauta saboda rashin hali, ko wanda bai biya a kan lokaci ba, ba ya cikin masu jefa ƙuri'a. Sannan a duba su wane ne suke zaune a kwamitin a gundumar karkara: masu ƙasar da ƙimarta ta kai fam 20 a shekara, da dattawan coci da ba su wuce shida ba, da ƴan zaɓaɓɓu daga masu biyan haraji. Kowane sule da aka sauke wa mai ƙorafi, a kan waɗanda suke sauraronsa zai koma. Kura ce aka ba ajiyar nama, sai dai kurar nan tana rubuta komai a littafi, kuma shi ne amfaninta gare mu yau.

Nan ne kuma zan ja kunnen mai niyyar kashe kuɗinsa. Littattafan zaman kwamitocin gunduma na bayan 1845, inda ake jera masu ƙorafi da hukuncin kowa, an rage ko an ƙi ko an yafe, yawancinsu suna hannun ma'ajiyar tarihi ta ƙananan hukumomi, kowace a garinta. Na Gilasgo, alal misali, suna ɗakin karatu na Mitchell, tare da takardun masu neman taimako tun daga 1851. Littattafan taron masu ƙasa da na hukumar sa ido suna Edinbara. Saboda haka wanda ya shiga ScotlandsPeople yana zaton zai rubuta sunan gunduma jerin ƙararraki ya faɗo masa, ya sake shiri. Abin da zai samu shi ne gaba da bayan rigimar: yadda asusun coci ya yi ta ƙarewa kafin harajin, da lambobin da aka yi faɗa a kansu bayansa. In ya haɗa da bayanan gundumomi da malaman coci suka rubuta a 1791 zuwa 1799 da kuma 1834 zuwa 1845, waɗanda ake karantawa kyauta a wani shafi na Jami'ar Edinbara, zai ji ta bakin malamin gundumar da kansa a kan harajin, kuma da yawansu tsoronsa suke yi.

Shawarata ga ɗalibin tarihi ko na shari'a a Yamai ko a jami'armu ta nan Tawa: ya zaɓi gunduma ɗaya ƙarama ta karkara, kada ya taɓa manyan birane da farko. Ya cinye na kyauta tukuna, kundayen coci na shekarun 1830 da 1840. In ya ga gundumar ta kama shi, sannan ya sayi maki kaɗan ya buɗe jerin ƙima na 1855 da na 1865, ya aza su gefe da gefe, ya ga wa ya hau wa ya sauka. Komai da Ingilishi yake, don haka mai Faransanci kaɗai ya nemi abokin zama. Mai bin tsarin zuwa ƙarshensa kuma ya riƙe cewa dokar 1894 ta maye kwamitocin da zaɓaɓɓun majalisun gunduma, su ma aka rushe su a 1930, don haka sunan ofishin da zai nema a takarda yana canzawa da shekarar da yake bi.