Kwana 9 da ciwon haure, da abin da na tarar a wani kabinen haƙori a Maradi

Ƙwallon dabino ne ya tona asirin. Ina zaune kan keken ɗinki da hantsi, cikin sanyin Disamba, na jefa dabino baki ban kula ba, sai na ji ƙas a ɓangaren hagu. Na tofo ƙwallon tare da wani ɓallin haƙori kamar ƙwayar gero. Turmin ƙasa ne, wanda ya yi kogo tun shekara 2 da suka wuce, nake ta lallaɓa shi da tsinken tsintsiya bayan kowane cin nama.

Ni tela ne, shagona ba nisa da Babbar Kasuwa. Shekara 19 ina yanke zare da haƙori, ina shan shayi zagaye 3 kullum da sukari kamar za a yi alewa. Saboda haka ban zo nan don in ɗora wa kowa laifin haurena ba. Abin da zan faɗa shi ne yadda na ga aikin wani kabine, wato ƙaramin asibitin haƙori mai zaman kansa, a cikin gari, da daɗinsa da rashin daɗinsa. Sunan wurin kuwa na bar shi, tunda akwai ƙorafi a cikin maganata, kuma ba talla aka ba ni ba.

Daren farko na ɗauka wasa ne. Dare na 2 na gane jiki magayi. Da rana ana iya daurewa, hayaniyar kasuwa da ƙarar keke suna ɗauke hankali. Amma da na ajiye kai a matashi sai a fara buga kalangu a cikin muƙamuƙi, bugun yana tafiya daidai da bugun zuciya, ya hau kunne, ya hau gefen kai. Iskar hunturu in ta shiga baki kamar an soka allura. Sai na koma kwana a zaune, na jingina da bango, na rufa da bargo. Daga baya likita ya gaya mani dalili: in mutum ya kwanta jini yana ƙara taruwa a kai, jijiyar da ta kumbura a cikin haƙori kuma ba ta da wurin buɗawa, bango ne ta ko'ina.

Magunguna kuwa, kowa a layinmu ya zama likita. Uwargida ta daka kanumfari ta cusa mani a kogon, kuma gaskiya ya ɗan kashe zafin na kamar awa ɗaya. Ruwan ɗumi da gishiri ma ya taimaka. Wani maƙwabcin shago ya ce in ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi ta narke a wurin. Na yi. Da safe wurin ya yi fari fat ya saluɓe, ciwo ya zama biyu. Wani dattijo mai gyaran babur ya rantse mani da ruwan batir, ya ce ɗigo ɗaya ke kashe tsutsar. Na ce, “Baba, na gode,” na wuce, don na taɓa ganin abin da ruwan batir ya yi wa wandona. Yaron da ke yawo da tiren magani a ka ya sayar mani da kafso 4, ja da rawaya, ba kwali ba takarda, ya kuma rage murya ya ce in ina so akwai tramol. Wannan kam ban karɓa ba, na ga yadda ya mayar da samarin unguwa.

A kwana na 5 ciwon ya ɗauke ɗif. Na yi hamdala, na ci tuwo da miyar kuka har da ƙari, na ce kafson yaron nan ya yi aiki. Kwana 2 a tsakani na tashi da kunci kamar na ɓoye ƙwai a ciki. Masassara ta rufe ni, bakina ba ya buɗuwa fiye da yatsu 2, haƙorin kuma ya zama kamar ya fi sauran tsawo, ko leɓe ya taɓa shi sai na zabura. Na ƙara kwana 2 ina gardama, har uwargida ta kira ƙanenta mai kabu-kabu ta ce, “Ɗauke shi, ko yana so ko ba ya so.” Shi ne ya san wurin, ya taɓa kai wata fasinja.

Gida ne aka mayar kabine. Zaure ya zama wurin jira: benci 2, kujerun roba, talabijin a manne da bango, da hoton haƙori a tsage an nuna cikinsa, rubutun duk da Faransanci. Mun isa ƙarfe 8 saboda abin da aka rubuta a ƙofa ke nan. Likita bai shigo ba sai 10 da rabi. Awa 2 da rabi ga mai ciwon haure ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba wanda ya ce mana ga dalili. Yarinyar da ke karɓar mutane idonta na kan waya, in ka yi tambaya sai ta amsa ba tare da ta ɗago ba. Na tambayi kuɗin cire haƙori, ta ce sai likita ya gani. Babu allon farashi ko'ina. Kati kawai na biya jika 5, wato sefa dubu 5, na zauna ina lissafin abin da ya rage a aljihu, ina tunanin ko in tashi in koma wa kanumfari. Wannan shi ne babban aibin wurin a wajena. Talaka yana son ya san inda zai sa ƙafa kafin ya hau kujera a buɗe masa baki.

Da aka kira ni ciki sai labari ya canza. Abin da na fara dubawa kayan aiki ne, saboda ina tsoron a je neman maganin haƙori a dawo da ciwon hanta. A gabana mataimakinsa ya yage leda ya zubo madubi da ƙarafuna a kan tire, a kusurwa kuma ga tukunyar da suke dafa kayan da tururi. Allura sabuwa, safar hannu sabuwa. Likitan ba zai wuce shekara 40 ba, kuma da Hausa ya yi mani magana tun daga farko har ƙarshe, bai jefa ni cikin Faransanci ba.

“Malam, kwana nawa?”

Na ɗaga yatsu 9.

“Ka yi ƙoƙari. Me da me ka sa masa?”

Na lissafa. Bai yi dariya ba, bai yi faɗa ba. Da ya ga inda asfirin ya ƙona sai ya girgiza kai kawai, ya ce ita haɗiye ta ake yi, a kan nama ƙuna take yi. Kanumfari kuwa ya ce ba ƙarya ba ne, man da ke cikinsa su ma suna amfani da shi a wani abin cike haƙori, sai dai kashe zafi yake yi na ɗan lokaci, ba ya kai wa ga saiwa. Kafin ya taɓa ni ya tambaye ni ciwon suga, hawan jini, gyambon ciki, da ko wani magani ya taɓa fito mani da ƙuraje. Sannan ya ƙwanƙwasa haƙorin da gindin madubi. Ban san lokacin da na riƙe masa hannu ba.

Aka yi mani hoton haƙori, wanda suke ce wa radiyo, jika 3. Ya ɗaga shi a gaban fitila ya nuna mani wani baƙin tabo zagayayye a ƙarshen saiwar. Ya ce babu wata tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a baki, suna cin sukarin da ya maƙale, suna fitar da tsami, tsamin yana cinye ɓawon haƙori a hankali har ya huda zuwa ɓargon ciki inda jijiya take. Sai na ba shi labarin kwana 2 da na samu sauƙi, ina jiran ya yaba wa kafson.

“Ba warkewa ka yi ba, Malam. Jijiyar ce ta mutu, shi ya sa ka daina ji. Cutar kuma ta bi saiwa ta sauka cikin ƙashi, ta tara mugunya. Ita ce wannan.”

Wannan bayanin shi kaɗai ya ci jika 5 ɗin kati. Ya ƙara da cewa maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko buhu na sha, ba zai gama da ita ba muddin mugunyar na kulle kuma ruɓaɓɓen haƙorin na nan, domin jini ba ya shiga cikin mataccen haƙori balle ya kai magani. Dole a buɗe mata hanya.

Ranar bai cire ba, bakin ba ya buɗuwa yadda zai yi aiki. Ya yi mani allurar kashe zafi, ya kuma gaya mani gaskiya tun kafin ya fara: inda mugunya take allura ba ta kamawa sosai, zan ji wani abu. Na ji kuwa. Ya ɗan tsaga dasashin, wani abu mai ɗumi da ɗoyi ya cika mani baki, mataimaki yana zuƙewa da ɗan tiyo. Hawaye ya zubo mani, ni mai ƴaƴa 5. Amma kafin in sauka daga kujerar, matsin nan da ya hana ni barci ya saki kamar an kwance ɗaurin kaya.

Ordonas ɗin da ya rubuta, wato takardar magani: amoxicillin 500, sau 3 a rana har kwana 5, saboda masassara da kumburin fuska. Parasitamol giram 1 in zafi ya taso, kada ya wuce giram 4 a yini da dare, don yana lalata hanta in an zarce. Ibuprofen 400 bayan an ci abinci, kuma ya ce da ina da gyambon ciki da bai ba ni shi ba. Ya hana ni gasa kuncin da ruwan zafi, abin da uwargida ta kwana 2 tana yi mani da tsumma, ya ce sanyi za a ɗora daga waje. Ya ce in saya a farmasi, in rabu da tire. Sannan ya dube ni sosai ya ce in kumburin ya gangara ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko ya hau wajen ido, ko haɗiyar miyau ta gagara, ko numfashi ya yi nauyi, kada in jira gari ya waye, kada ma in nemo shi, in wuce babbar asibiti kai tsaye, ko asibitin jiha da ake ce wa CHR ko asibitin Referans, domin irin wannan kumburin yana toshe maƙogwaro ya kashe mutum. Ban taɓa sanin haure yana kisa ba sai ranar.

Bayan kwana 3 na koma. Wannan karon ƙarfe 10 na je, na koyi darasi, kuma minti 20 kawai na jira. Na tambaye shi ko za a iya ceton haƙorin, don na ji ana kashe jijiya a wanke saiwa a cike. Ya ce ana yi, shi ma yana yi, zuwa 2 ko 3 ne kuma kuɗinsa ya ninka na cirewa sau da yawa, amma nawa tsagewar ta shige ƙarƙashin dasashi, in ya karɓi kuɗina a kan wannan ya cuce ni. Na riƙe masa wannan. Ni ma mai sana'a ne, na san yadda ake ji in aiki mai tsoka ya zo hannu ka ce wa mai shi ba zai yiwu ba.

An yi allura, leɓe ya yi nauyi kamar ba nawa ba, sai aka ɗauke wuta. Wannan ba laifinsu ba ne, duk Maradi mun saba. Amma injin wutarsu ya ƙi tashi, aka yi kusan minti 15 ana ja, ni kuma ina kwance ina tsoron kada allurar ta sake ni. Wurin da ke karɓar jika-jika ya kamata injinsa ya tashi a ja ɗaya. Da wuta ta dawo aikin bai wuce minti 10 ba. Ba zafi, sai dai turi da wata ƙara a cikin ƙashi da ba na fatan sake ji. Ya nuna mani shi a kan tire, saiwa 2, baƙi ƙirin daga ciki.

Ya sa mani auduga ya ce in cije minti 30. Ranar ba kurkure baki, ba yawan tofar da miyau, ba abu mai zafi, ba sigari, don kada gudan jinin da ya toshe ramin ya fita, in ya fita ƙashi zai zauna a buɗe kuma zafinsa ya fi na farko. Washegari a fara kurkurawa a hankali da ruwan ɗumi, rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi. Duk da baki ya faɗa, ni kuma kaina na juyawa. Ba don ƙanen uwargida yana tsaye yana ji ba da rabi ya zube a hanya. Ƴar takarda da Hausa, ko da ajami ce, ba za ta ci masu komai ba. Wanda zai je ya tafi da wani.

Lissafi: kati 5, radiyo 3, tsagawa 5, cirewa 10, magani kusan 4. Jika 27 ke nan, ban da kuɗin mai na kabu-kabu da suruki ya ƙi karɓa. Da tsada, ba na musu. Sai dai kwanakin da na yi ba aiki sun ci fiye da haka, har kayan wata amarya na mayar ba a ɗinka ba, uwarta har yau ba ta amsa gaisuwata da kyau.

Zan koma? Zan koma, saboda hannun likitan da gaskiyarsa, ba saboda zauren jiransa ba. Dole ma in koma, don ya gano wani ƙaramin kogo a dama, ya ce wannan cikewa kawai yake so in an yi da wuri, ya ba ni ranar Talata. Ya ce asuwakina in ci gaba da shi, amma in haɗa da buroshi da man goge baki mai fuloraid safe da dare. Na sayi ɗan almakashi na rataye a wuya saboda zare. Sukarin shayi ne har yanzu muke rigima da yaron shago, na ce ya rage rabi, shi kuma ya ce in haka ne gara a sha ruwan zafi kawai.