Haƙoran aksul 3.73 a tsohuwar Mustang GT: abin da na biya da abin da na samu

Duk mai tsohuwar Mustang GT da ta sha hanya, kuma aljihunsa bai kai na taɓa inji ba, shawarata gare shi ita ce ya fara da haƙoran aksul ɗin baya. Na sa na Ford Performance, sashen Ford mai yin kayan gudu, masu lamba 3.73 (yawan juyin furofela kafin taya ta zagaya sau ɗaya) a tawa, ƙirar 2000 mai giyar hannu, na kuma sha zafin Houston da ruwan samanta da su kafin in zauna rubuta wannan. Cikin duk abin da na kashe wa motar nan, babu wanda na ji amfaninsa a jikina kamar wannan.

Ga wanda bai san irin motocin ba, jinsi ne da Amurkawa ke ji da shi: ƙofa biyu, babban inji mai silinda takwas a gaba, tayoyin baya ke turawa. Pontiac GTO ta 1964 ake yawan cewa ta buɗe fagen, kuma a shekarar ce Ford ta fito da Mustang. Tawa tana ɗauke da inji mai lita 4.6, wanda ya maye gurbin tsohon 5.0 tun 1996. Daga 1999 zuwa 2004 wannan inji yana ba da ƙarfin doki 260 daga masana'anta. A zamaninsa abin a yaba ne. Daga baya kuwa Camry mai silinda shida ta 2018 zuwa 2024 ta fi shi a takarda. Amma inji ne mai jimiri, danginsa ne ke cikin Crown Victoria da 'yan sandan Amurka da direbobin tasi na New York suka yi shekaru suna wahalarwa ba ta gaza ba. Lokacin da motar ta zo hannuna ta haura mil 170,000, wato sama da kilomita 270,000.

Mota mai irin wannan tafiya ba a fara mata da kayan gudu. Kafin in sayi komai sai da aka cire fulogi takwas ɗin aka auna matsin kowace silinda. Abin da ake nema shi ne su zo kusa da juna, kada wata ta gaza sauran da fiye da kashi 10 cikin ɗari. Nawa sun zo daidai gwargwado, babu hayaƙi a salansa, babu ƙarar sarƙar inji da safe. Sai aka canza fulogi, matatar mai, fanbel, ruwan lagireto da na birki. Wajen ɗaure fulogi a wannan injin a bi a hankali, da sifana mai awo kuma inji na sanyi, domin kan injin alminiyom ne kuma zaren ramin ba shi da yawa. Wannan hidima kaɗai ta dawo da wani abu daga ƙarfin da shekaru suka cinye.

Wanda ya riga ni mallakar motar ya sa mata wani bututun shan iska mai sheƙi, irin wanda ake tallatawa da alkawarin dawakai goma sha. Ƙara yake ƙarawa, mai daɗin ji kuwa, amma ban ga ya tsinana komai a gudu ba. Injin nan bawul biyu gare shi a kowace silinda, kuma a nan numfashinsa ke tsayawa, komai faɗin bututun da ka sa masa a gaba. Abin da ke ƙara masa ƙarfi na gaske shi ne na'urar da ke cusa masa iska da ƙarfi, ita kuwa dubban daloli ce, sannan za ta ɗora nauyi a kan fistin da konrod da suka riga suka yi shekara ashirin da ɗoriya suna aiki. Ban yarda in yi wa tsohon inji haka ba. Masu cewa a fasa tukunyar tace hayaƙi don salansa ta buɗe kuma, su sani dokar tarayya ta haramta hakan a motar da ke hawa titi.

Haƙoran aksul ba sa ƙara wa inji doki ko ɗaya. Abin da suke canzawa shi ne yadda ƙarfin ke isa ƙasa. A cikin tulun da ke tsakiyar aksul ɗin baya akwai babban faifai mai haƙora, da ƙaramin da furofela ke juyawa yana tura shi. Na masana'anta a motata 3.27 ne: haƙora 36 a babban, 11 a ƙaramin, wato furofela ta juya sau uku da ɗan kai kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Sabon yana da 41 da 11, shi ne 3.73. Bambancin kashi 14 cikin ɗari ne, kuma wannan kashi 14 ɗin yana nan a kowace giya, daga ta ɗaya har ta biyar. Wanda ya taɓa hawa tudu da keke mai giya ya san abin: ka mayar da sarƙa kan babban faifan baya, ƙafarka ta ƙara saurin juyawa, tudun ya yi sauƙi, alhali ƙarfin cinyarka bai canza ba. Masana'anta na zaɓar lamba ƙarama ne saboda tsimin mai da rage ƙara a babbar hanya. A 1975 aka kafa dokar da ta tilasta wa kamfanonin mota a Amurka kiyaye matsakaicin shan mai na motocin da suke sayarwa.

Kayan sun zo a kwali mai nauyi, shafe da maiƙo, lambobi a buge a jikin ƙarfen. Kuɗinsu bai wuce dala ɗari biyu da wani abu ba. Na zaɓi na Ford Performance ne saboda aksul ɗin mai inci 8.8 na Ford ne, kuma makanikai da dama sun gaya mini sun fi saurin zama daidai ba tare da dogon gwaji ba. Amma kada wannan farashi ya ruɗi kowa. Akwai boris sababbi, da sil, da siraran wasa-wasan ƙarfe da ake daidaita tazara da su, da man giya, sannan kuɗin aiki, wanda shi kaɗai ya ninka na haƙoran fiye da sau biyu. A nan ne nake roƙon mai karatu kada ya nemi araha.

Wanda ya yi mini aikin wani dattijo ne mai ƙaramin gareji a bayan gari, aikin aksul kawai yake yi, ya kuma bar ni na tsaya ina kallo. Ya buɗe murfin tulun, baƙin mai mai warin ƙibiritu ya zubo. Ya zare sandar tsakiya, ya tura kowace ƙafar aksul ciki, wani ɗan ƙarfe mai siffar lauje ya faɗo a tafin hannunsa, sannan ƙafar ta zaro. Duk wannan bai ɗauke shi komai ba. Inda yinin ya tafi shi ne wajen saiti. Ya haɗa, ya kafa agogon awo a kan haƙori ɗaya, ya girgiza faifan da yatsu biyu yana duban allura. Wasan da ake so tsakanin haƙoran bai wuce milimita 0.2 zuwa 0.3 ba. Sai ya ɗauko burushi ya shafa wani rawayan fenti mai kauri a kan haƙora kaɗan, ya juya faifan gaba da baya yana danne shi da tsumma. Inda ƙarfe ya taɓa ƙarfe fentin ya goge, ya bar tambari. Na farko ya fito can gefen haƙori, kusa da baki. Bai ce komai ba, ya warware duka, ya canza wasa ɗaya wadda kaurinta bai fi na takarda ba, ya sake haɗawa. Haka ya yi ta yi har tambarin ya zauna a tsakiyar haƙori, dogo, mai siffar ƙwai. Sannan ya ɗago ya ce mini in zo in gani da idona, domin da zarar an rufe murfin babu mai sake ganinsa, sai dai a ji shi. Gaskiya ya faɗa. Haƙoran da ba a saita daidai ba kuka suke yi, wani siririn kuka da ke tashi da gudu, kuma idan suka ci juna a karkace babu gyara sai sabo.

Tun da tulun na buɗe, ya nuna mini faya-fayan Traction-Lok, wato abin da ke sa tayoyin baya biyu su tura tare. Nawa sun cinye sun yi sumul, shi ya sa a da taya ɗaya ce ke juyawa a banza idan na taka da ƙarfi. Canza su a lokacin bai ƙara kuɗin aiki sosai ba, amma da an rufe an dawo daga baya, aikin zai zama biyu. Duk mai mota mai irin wannan tafiya ya sa wannan a lissafinsa tun farko. Kuma a tabbata an zuba ƙaramar kwalbar sinadarin da ake haɗawa da man giya saboda faya-fayan, in ba haka ba za a riƙa jin gurnani da kakkarwa daga baya a duk kwana.

Ya ce in lallaɓa ta na mil 500, kada in yi doguwar tafiya a gudu ɗaya, sannan in dawo a zubar da man a sa sabo. Na bi.

Abin da na fara lura da shi ba a gudu ba ne, a cunkoso ne. Da can motar tana da wata kasala a ƙasa da juyi 3,000 a minti, ga jiki kusan tan ɗaya da rabi, sai ka riƙa wasa da kuloci kafin ta miƙe. Yanzu da ka saki ƙafa ta tafi. Kwanar unguwa da nake sha a giya ta biyu, yanzu ta uku na ɗauka ba tare da inji ya yi tari ba. Wajen shiga babbar hanya kuwa, inda gajeriyar gada ke jefa ka tsakiyar manyan motoci a I-10, nan ne kuɗin ya fito fili. Giya ta uku tana jan ka da wani irin nauyi a ƙirji, allura na hawa da sauri zuwa wajen 4,000 inda ƙarfin murɗawar injin ke kai ƙololuwa, kafin ka ankara ka daidaita da kowa. A giya ta biyar ma, wadda a da ba ta da wani amfani sai tsimin mai, yanzu ana iya wuce mota ba tare da an sauko ba. Kukan aksul babu shi ko kaɗan, a taka ko a saki.

Akwai abin da aka bayar a madadin haka, kuma ya kamata a faɗe shi dalla-dalla. A gudun mil 70 a awa, da can injin na juyi wajen 2,000 a minti. Yanzu yana kusa da 2,300. A cikin gari ba ka ji, amma a tafiyar San Antonio, mil ɗari biyu a miƙe, ƙarar salansa na zama a kunne, kuma uwargida ta lura tun kafin in ce komai. Shan mai ya ƙaru kaɗan a babbar hanya, raguwar da na gani ba ta wuce mil ɗaya zuwa biyu a galan ba, a cikin gari kuwa ban ga bambanci ba. Giya ta ɗaya ta gajarce, tana ƙarewa tun kana tsakiyar mahaɗa. Sannan ranar ruwa sai an yi hattara ƙwarai. Motar nan bayanta ba nauyi, ga ƙarin ƙarfi a taya, ga tayoyi biyu na turawa tare. Idan ka taka da garaje a kwana bayanta zai fita. Wanda tayoyinsa suka tsufa ya fara sayen taya kafin haƙora, wannan ba abin sasantawa ba ne.

Sai batun mitar gudu, wanda mutane da yawa ke mantawa. Motar tana ƙirga gudu ne daga juyin da ke fita daga giya, don haka bayan canjin sai ta riƙa nuna 80 alhali 70 kake yi, ma'aunin tafiya ma ya riƙa ƙara mil ɗin da ba ka yi ba. A ƙirar 1999 zuwa 2004 ta kwamfutar mota ake gyara wannan. Na sayi ƙaramar na'urar saita kwamfuta ta kamfanin SCT, wadda wani ya taɓa amfani da ita, na jona a ramin da ke ƙasan sitiyari, na shigar da sabuwar lamba, cikin 'yan mintuna ta daidaita, na kuma gwada da taswirar waya suka zo ɗaya. Mai sayen irinta ta hannu ya tabbata an sake ta daga motar farko, domin tana kulle kanta da mota ɗaya har sai an mayar da waccan yadda take. Tana kuma iya saita injin don fetur mai lambar inganci 93, wanda ke ƙara ɗan kuzari, amma ni na bar tawa a 87. Ban ga dalilin ƙara wa tsohon inji zafi da ƙara wa kaina kuɗin mai kowane mako ba.

Tambayar da ake yawan yi ita ce 3.73 ko 4.10. Matasan da ke zuwa filin tsere za su ce 4.10 ba tare da tunani ba, kuma suna da hujja: kashi 25 cikin ɗari ne a kan na masana'anta, kuɗin kaya da na aiki kuma ɗaya ne. Na tuƙa ta wani abokina mai 4.10, tashinta ya fi na tawa zafi, babu musu. Amma a mil 70 tana wajen 2,500, kuma hannunka ba ya hutawa a kan giya. Wanda motarsa ta ƙarshen mako ce, ko mai giya mai canza kanta mai hawa huɗu, 4.10 za ta yi masa daidai. Wanda kuwa da ita yake zuwa aiki kullum a gari mai faɗi irin Houston, inda komai ke nesa, 3.73 ta fi dacewa da shi, kuma da za a mayar da ni baya ita zan sake ɗauka.

Yanzu da ƙarfin ke isa ƙasa sosai, wata gajiyar ta fito fili. Bushin ɗin hannayen aksul sun saki, idan na tashi da ƙarfi baya na ɗan tsalle, kuma jikin motar na murɗawa a kan gada mai gargada, abin da aka san wannan ƙira da shi. Su ne na gaba a layi: sababbin bushin, da sandunan ƙarfe biyu da ake waldawa a ƙasa su haɗa gaban shasi da bayansa. Dattijon ya ce in kawo ta bayan an canza tayoyin gaba.