Ƙwallon ɗinkin hannu da na saya wa yara: wata biyar a lungunmu na Mabera

Ƙwallo uku muka yi asara kafin wannan. Ta farko kwana tara ta yi, ta biyu ta lallaɓa ta kai mako uku, ta ukun kuwa ko Juma'a biyu ba ta gani ba. Duk irin masu ƙyallin nan ne da ake ratayewa cikin raga a bakin hanya, da tambarin manyan ƙungiyoyin Turai a jikinsu. Da safe ka ga yaro ya rungume ta kamar ya kwana da ita, da la'asar ka gan shi ya shigo da ita a hammata ta lotse kamar ƙwaryar da jaki ya taka. Uwarsu ta ce a bar zancen ƙwallo haka nan. Ni kuwa na san in babu ƙwallo a gidan, wayata ce za ta sha wahala. Shi ya sa cikin watan Fabrairu na shiga babbar kasuwar Sakkwato da niyyar in sayi guda ɗaya mai dalili, in ita ma ta mutu shi ke nan.

Mai shagon dattijo ne, bai cika ni da talla ba. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Malam, ina yaran ka buga ta, bisa haki ko bisa ƙasa?" Na ce Baba, ina muka ga haki a Mabera? Tsakuwa ce da ɓaraguzan bulo. Sai ya bar waɗanda ke rataye, ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya zaro wata a lanƙwashe, babu iska a cikinta, fari da baƙi, ba ta da wani kyan gani. Ya ce, "Wagga ɗumkin hannu ta. Ita ka jimirin ƙasarmu."

Ya nuna mini yadda ake ganewa, kuma wannan kaɗai ya biya ni wahalar zuwa. Ka sa manyan yatsunka biyu ka buɗa tsakanin ƙyalle da ƙyalle. In ɗinkin hannu ne, za ka ga layin ya nutse ciki, zaren kakkaura ne, ya ɓuya can ƙasa inda tsakuwa ba ta kai masa. Na inji kuwa zarensa siriri ne, yana kusa da sama, ƙasa na cin sa kullum har ranar da zai tsinke. Akwai kuma ta uku wadda babu zare ko kaɗan a jikinta, da zafi ake manne ta, irin wadda ake bugawa a gasar cin kofin duniya tun ta 2006 a Jamus. Wannan a kan ciyawa babu kamarta, amma ranar da ta ɓare babu wanda zai iya yi maka komai a kanta.

A jikin tawa an rubuta Pakistan. A can akwai garin Sialkot, wanda ɗinkin ƙwallo ya zama sana'ar gado a cikinsa kamar yadda dukanci yake a wurinmu. Ƙyalle 32 ne, 12 baƙaƙe masu kusurwa biyar, 20 farare masu kusurwa shida. Ƙaramin ɗana sai da ya ƙirga sau biyu kafin ya yarda. Wannan zubin ya yi suna ne tun ƙwallon Telstar ta gasar 1970 a Meziko, lokacin talabijin mara kala, domin mai kallo ya riƙa ganinta sosai. Kuɗinta ya kusa ninka na waɗancan sau uku. Na yi ciniki har na gaji, bai rage abin kirki ba, sai dai ya ba ni allurar famfo a matsayin gyara.

Kuskure biyu na yi, kuma nawa ne, ba na ƙwallon ba. Na farko, lamba 5 na saya, alhali yaran ɗaya shekararsa tara, ɗaya sha ɗaya. Lamba 5 ta manya ce: a dokar wasa kewayenta santimita 68 zuwa 70, nauyinta giram 410 zuwa 450. Lamba 4 ce daidai ƙafarsu. Na biyu, na kai wa mai faci ya ɗura mata iska da injin taya, ta yi tauri kamar goruba. Kwana uku suna ƙorafin tana cin ƙafa. Ga shi bazara ta kawo kai, kuma kowa ya san Sakkwato cikin Afrilu, zafi na haura digiri 40. Iska in ta ji zafi buɗewa take yi, ƙwallon da ka hura daidai da asuba, in ta yini a rana, kafin la'asar ta ƙara tauri. Na rage mata iska, na sayi ƙaramin famfon hannu, na kafa dokar kada a bar ta a tsakar gida. Daga nan ƙorafi ya ƙare.

Abin da ya fi burge ni shi ne tana zuwa inda aka aike ta. Wanda bai buga felele ba, ba zai gane girman wannan ba. Mu da muka tashi a cikin gari wajejen Ƙofar Atiku, ƙwallon robar nan mara nauyi ita ce gatanmu. Ka auna raga ka buga, iskar hunturu ta ɗauke ta ta kai gidan maƙwabta. Wanda ya ci da ita ba gwaninta ba ce, rabo ne. Kuma ita felelen ma sai an yi karo-karo na kwana da kwanaki, kowa ya hana cikinsa ƙosai. In ƙaya ta huda ta, a sa wuƙa a murhu ta yi ja, a yanko guntun tsohon silifas a narka a kan ramin. Bayan faci biyar ko shida sai ta daina gangarawa daidai, ta riƙa tsalle gefe kamar kwaɗo. In ta mutu gaba ɗaya mu koma tamolar tsumma: tsohuwar safa, a cusa mata tsummoki da leda, a ɗaure da igiyar rama. Da ita na koyi buga ƙwallo da ƙafar hagu, don ita ba ta gudu ta bar ka.

Filin shi ne lungu, raga kuma dutse biyu ko silifas ɗin wanda ya fi kowa ƙarfin hali. Ƙarfen sama babu shi, iya inda hannun gola ya kai shi ne iyaka, don haka kullum sai an yi musu, ana rantse-rantse. Mai ƙwallo shi ke zaɓen 'yan wasa, ba a cire shi, kuma in aka ɓata masa rai ya ɗauki abarsa wasa ya tashi. In dattijo zai wuce, a riƙe ƙwallo a hannu har ya gifta. In jaki ne da kaya ko raƙumi, a ba shi hanya. In ta faɗa gidan da ake kulle, sai a nemi mafi ƙanƙanta a cikinmu a tura shi da sallama, mu kuma mu laɓe muna addu'a, domin akwai wata tsohuwa a lungun da ba ta maido ƙwallo sai ta sa mata wuƙa. Kiran sallar magariba shi ne usur na ƙarshe. Da dare in akwai farin wata sai langa da ɓuya, 'yan mata na gefe suna gaɗa. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, to ni dai ba na kewar farcen da na bari a kan duwatsun lungun nan.

In koma kan wadda na saya. Wata biyar ke nan, kusan kullum sai an buga ta, kuma ba yarana kaɗai ba, yaran layi ne gaba ɗaya. Ta sha katangar bulo, ta sha ƙofar ƙarfe, ɗan kabu-kabu ya taɓa bi ta gefenta. Ko zare ɗaya bai tsinke ba, kuma ba ta yi ƙwai ba, tana nan a mulmule.

Amma tana da nata. Ba ta riƙe iska: duk bayan kwana biyu ko uku sai an ƙara mata. Robar ciki iri biyu ce, akwai mai laushi da ke da daɗin bugu amma iska na silalewa daga jikinta a hankali, akwai kuma mai kauri da ke yin makonni ba a taɓa ta ba. Tawa mai laushin ce, kuma ba a gaya mini ba sai da na koma na tambaya. Wanda ba zai sayi famfo ba, kada ya sayi irinta. Fentinta ko wata bai yi ba, yanzu farin da baƙin duk sun koma launin ƙasar Mabera. Da ruwan farko ya sauka cikin Yuni, ta sha ruwa ta ramukan ɗinki ta yi nauyi, babban ya sa mata kai ya zauna dafe da goshi. Sannan kwalta maƙiyiyarta ce. Rana ɗaya suka buga a bakin titi, bayanta ya kankare fiye da abin da ƙasa ta yi mata a wata biyu.

A wata na huɗu ƙusa ta same ta, a jikin wani katako da magina suka yar. Yaran suka shigo jiki a sanyaye, sun ɗauka ta bi 'yan uwanta. Na sa ta a leda na kai wa wani baduku a cikin gari, tsoho, yana zaune cikin fatu ja da kore yana haɗa gidan wuƙa. Ya juya ta, ya shinshina, ya ce, "Wagga ba hwata ta ba, leda ta." Gaskiyarsa. Tun bayan gasar 1982 a Sifen aka daina buga ƙwallon fata zalla a kofin duniya, ta 1986 da kayan roba aka yi ta. Abin ya ɗan sosa masa rai, mutumin da ya tashi a garin da fatar jar akuyarsa, wadda ake jemewa da bagaruwa, ta ratsa hamada ta kai Turai har aka riƙa kiranta fatar Maroko. Duk da haka ya karɓi aikin.

Na zauna ina kallo. Ya farke layi biyu, ya zaro gefen robar ciki, ya aiki jikansa wurin mai faci aka manna mata faci da sholisho. Sannan ya goga wa zare kaki, ya ɗauki basilla. Wahalar aikin tana wurin rufewa, domin ƙwallo daga ciki ake ɗinka ta sannan a juyo ta, layin ƙarshe kuwa dole daga waje za a yi shi. Sai ya bi tsofaffin ramukan yana barin zaren sako-sako, da ya kai ƙarshe ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ja har bakin ya haɗe, ya tura ƙullin ciki. Bai kai awa ɗaya ba. Abin da ya karɓa ko kuɗin mafi arahar waɗancan ƙwallayen bai kai ba. Ina zaune wurin na tuna ƙwallon makarantarmu ta firamare, guda ɗaya tal, ta fata, da ake kullewa a ofishin hedimasta. Ta sha ɗinki har ba a gane asalin zubinta. A 1985, da yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 16 suka doke Jamus ta Yamma da ci 2 da nema suka ɗauki kofin duniya a ƙasar Sin, an fito mana da ita ba ranar wasanni ba, aka bar mu muka buga har aka tashi.

Takalmi kuma, mai shagon ya so ya haɗa mini da masu dogayen haƙora, na ƙi. A kan ƙasa mai tauri haƙoran ba su da inda za su nutse, sai su riƙa turo tafin ƙafa, yaro ya yi ta gurɗewa, kuma ya taka ɗan uwansa da ke wasa ba takalmi. Na san daɗinsu a ido. A 1994, shekarar da Rashidi Yekini ya riƙe raga yana ihu bayan ya ci Bulgeriya, ni da abokina muka haɗa kuɗi muka sayi na gwanjo ƙafa ɗaya. Shi na dama ne, ni bahago, sai muka raba: kowa ya sa a ƙafar da yake bugu da ita, ɗayar kuma kambas. Haka muka je kallon wasa filin Giginya muna ɗingishi, muna jin babu kamarmu. Yarana dai kambas mai shimfiɗaɗɗen ƙasa na saya musu, kuma rabin lokaci a gefe suke ajiye shi su yi raga da shi.

Wanda yaransa ke wasa a lungu ko a filin makaranta, ina ba shi shawarar ɗinkin hannu, lamba 4 in ba su kai shekara sha biyu ba, ya haɗa da famfo, ya kuma tambayi irin robar da ke ciki tun kafin ya biya. Wanda kyautar sallah kawai yake so yaro ya yi hoto da ita, mai ƙyallin ta ishe shi.

Badukun ya ce bayan nata zai iya ɗaukar buɗewa sau biyu nan gaba, amma robar ciki in ta sake hujewa kusa da bakin iska sai dai a canza ta. Na koma wurin dattijon in sayi robar in ajiye, ya ce ta ƙare, in leƙo bayan sallah.