CaO a jikin buhun taki: farar ƙasa ce ko jibsam?

Malam, ka ce ka sayo taki a Sabon Gari don tumatirinka, ka ga CaO 26% a jikin buhu, kana tambaya ko farar ƙasa ce a ciki, kuma ko za ta kashe tsamin gona.

Ba ita ba ce. CaO a buhu ma'aunin lissafin sinadarin kalsiyam ne kawai, kamar P2O5 na fosfaras. Ka ninka adadin da 0.715, sai ka sami ainihin kalsiyam: 26% ya koma kusan 19%. Idan akwai naitirojin 15.5% a gefe, kalsiyam naitiret ke hannunka. Yana narkewa nan take, yana taimakawa kan ruɓewar gindin 'ya'yan tumatir muddin ban ruwa bai yi ta yankewa ba, amma gyaran tsami ba aikinsa ba ne.

Farar ƙasa ce mai wannan aikin, kuma suna ɗaya ne a kan abu uku. Niƙaƙƙen dutse, CaCO3, shi ne ma'auni: ƙarfinsa na kashe tsami 100. In aka ƙona shi a zafin kusan digiri 900 ya zama CaO na gaske, ƙarfinsa 179, yana ƙona hannu da iri. In aka jiƙa wannan da ruwa sai ya zama Ca(OH)2, ta shafen bango, 136. Manomi ya tsaya ga niƙaƙƙen, mai laushi kamar gari. A watsa, a kafce ya shiga ƙasa, wata ɗaya zuwa biyu kafin shuka. Kada a haɗa shi da yuriya, naitirojin zai tsere a iska. Ita yuriyar ce ma ke ƙara tsamin: kowane buhu mai kilo 50 sai kusan kilo 40 na dutsen ya goge tsaminsa.

Jibsam kuwa, CaSO4, kalsiyam 23% da farar wuta kusan 18%, ba ya rage tsamin ƙasa. Na gyaɗa ne. Kwanso daga ƙasar da ke kewaye da shi yake shan kalsiyam, ba ta saiwa ba, shi ya sa rashinsa ke kawo kwanso ba ƙwaya. Ana zuba kilo 200 zuwa 400 a hekta lokacin fure. Mai sa takin supa ya riga ya sami wani kaso, domin kusan rabin buhun jibsam ne.

Kafin ka sayi farar ƙasa, kai samfurin ƙasarka cibiyar binciken aikin gona ta IAR Samaru a auna. In pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa, bai yi ƙasa da 5.5 ba, riƙe kuɗinka. Yawan farar ƙasa na hana shuka samun sinadarin zink.