Yini ɗaya a Kogin Usk da fatsar da ba ta da tana

Kakana na wajen uwa masunci ne a Yauri, kuma tun ina ƙarami na san birgi da mali da mamari, na san yadda ake soka tana a ƙugiya a zauna jiran tarwaɗa. Shi ya sa da na biya kuɗin jagora na yini guda don koyon fatsa a Kogin Usk da ke Wales, a ƙasar Birtaniya, cikin watan Afrilu, na ɗauka abin da zan ƙaru da shi kaɗan ne. Ashe wata sana'a ce daban.

Kogin yana tasowa daga tsaunukan Bannau Brycheiniog, ya ratsa Brecon da Abergavenny, ya faɗa teku a Newport. Mu kusa da Crickhowell muka shiga. Kifin da ake nema shi ne tirawut mai ruwan ƙasa, kuma a ruwan aka haife shi, ba na kiwo ba ne da aka juye daga tanki. An yarda a kama shi daga 3 ga Maris zuwa 30 ga Satumba. Takarda biyu ake buƙata: lasisin gwamnati, wanda akwai na kwana ɗaya a intanet, da izinin mai haƙƙin su a wannan ɓangaren kogin, don a can kusan kowane yanki yana da mai shi. Jagoran ya shirya na biyun, na farkon ni na saya.

Dattijo ne marar yawan magana. Ya miƙo mini sanda mai ƙafa 9, marar nauyi, da wani ɗan ƙwaro da aka ɗaure da gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya, bai kai ƙwayar wake ba. Babu tana, babu dalma. Nauyin yana jikin igiyar ne, ita ake kaɗawa baya, a dakata ta miƙe, sannan a turo ta gaba ta sauke ƙwaron a hankali. Wannan dakatawar ita ce wahalar. Kusan awa guda muka yi a kan ciyawa kafin ya bar ni na taka ruwa, kuma bai nuna gajiya ba ko sau ɗaya.

Amma inda na ga amfanin kuɗina shi ne lokacin da ya hana ni jifa, ya ce mu zauna mu kalli ruwan. Tirawut kullum kansa yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, yana jiran abin da zai gangaro masa, don haka ta bayansa ake zuwa, a jefa sama da shi. Ba ya tsayawa a tsakiyar ruwa mai ƙarfi ya gajiyar da kansa. Yana laɓewa ne daidai inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai sanyin tafiya, ko bayan dutse, ko ƙarƙashin layin kumfa, tunda inda kumfa ta bi nan abinci ke bi. Dattijon ya nuna mini wani ɗan zobe da ya buɗe a saman ruwa ya ɓace, ya ce, "Ka gani? Wannan ba ƙarami ba ne. Ƙananan su ne masu fantsama ruwa." Nan take na tuna kakana a cikin kwalekwale, yana duban ruwa shiru kafin ya watsa birgi. Ilimin ɗaya ne, kayan aikin ne suka bambanta.

Wajen ƙarfe ɗaya na rana ƙwarin ruwa suka fara fitowa, kamar shinge bayan ruwan farko, kogin ya cika da zobba. Sau uku kifi ɗaya ya taso ya dubi ƙwarona ya koma. Jagoran ya ce igiyar tana jan ƙwaron yana tsaga ruwa, alhali na gaskiya ruwa ne ke ɗauke da shi. Ya gyara mini tsayuwa da taku biyu kawai, jifa na gaba kifin ya ɗauka. Inci 12 ne, cikinsa kamar man shanu, da ɗigo-ɗigo ja, kowanne da farin zobe kewaye da shi. Ban taɓa riƙe kifi mai kyansa ba.

Sai kuma aka ce a sake shi. Na san da sharaɗin tun kafin na zo, amma ya yi mini nauyi, don a gidanmu kifi abinci ne. An danne ƙayar ƙugiyar tun farko don ta fita ba rauni, na jiƙa hannu kafin na taɓa shi, na riƙe shi cikin ruwa har ya motsa ya tafi. Da dattijon ya bayyana cewa kifi irin wannan yana shekaru kafin ya kai haka, kuma shi ne zai yi ƙwai a tsakuwa cikin hunturu, sai na fahimta. Masuntanmu ma suna da wuraren da Sarkin Ruwa ke hana taɓawa sai lokaci ya yi.

Akwai abin da ban ji daɗinsa ba. Wandon robar shiga ruwa da masu shirya tafiyar suka ba ni yana yoyo a gwiwa, kuma ruwan Afrilu a Wales sanyinsa har ƙashi. Kafin la'asar ƙafata ta hagu ta mutu. Sannan na rubuta musu tun da wuri cewa ba na cin naman alade, amma shi aka sa a burodin rana. Dattijon ya ji kunya ƙwarai, ya ba ni cuku da tuffa da shayinsa, kuma da lokacin azahar ya yi, shi ya nemo mini busasshen wuri ya koma gefe ya jira. Laifin na ofishin da ya karɓi kuɗin ne, ba nasa ba.

Kifi uku na kama yinin nan, biyu ƙanana. Kuɗin yana da yawa, kuma wanda yake son ya koma gida da abin miya kada ya je. Wanda kuwa yake son ya koyi wannan fatsar, ya ɗauki jagora a ranar farko, ya tafi da abincinsa da safa mai kauri, ya kuma gwada wandon a ruwa kafin a yi nisa da mota. Ni na riga na nemi rana a watan Mayu, kuma na roƙi a haɗa ni da dattijon nan.