Hayar jirgin kamun kifi a tekun Legas: ya biya kuɗinsa, amma ku yi maganar mai tun a ƙasa

Mu 'yan Sakkwato da ke kai albasa kasuwar Mile 12 ta Legas ne munka haɗa kuɗi munka yi hayar jirgi mai inji na wani kamfani da ke fita da mutane teku kamun kifi. Sunan kamfanin ba zan faɗa ba don akwai inda zan yi ƙorafi, amma duk wanda ke da niyya ya karanta wanga bayani kafin ya tura ko sisi.

Daga wajen Falomo anka ɗauke mu da sassafe. Kafin ka sa ƙafa sai an ɗaura maka rigar ruwa, dokar LASWA ce, hukumar da ke kula da hanyoyin ruwa ta jihar Legas, kuma kyaftin ɗin bai yi wasa da ita ba ko da wani Alhaji cikinmu ya ce shi ɗan bakin gulbin Rima ne ya iya ninƙaya. Ruwan cikin gari lafiya lau yake, kana kallon benayen Ikoyi da Victoria Island kana ɗaukar hoto, har ka wuce Tarkwa Bay. Daga inda dogayen duwatsun nan biyu da anka jera don tsare bakin tashar jiragen ruwa sunka ƙare, nan fa labari ya canza, jirgi ya hau ya sauka ya hau ya sauka, hira ta mutu, wanda ya cika ciki da shayi da burodi da ƙwai ya mayar da su duka. Ku sha maganin jiri tun kafin a tashi, kuma ku zaɓi rani, daga Nuwamba zuwa wajen Maris ruwan ya fi kwanciya, da damina Atilantika ba ta da mutunci.

Abin da ya fi burge ni aikin ne kansa. Mu abin da munka sani shi ne homa da gora irin na Argungu, mutum ya faɗa gulbin Matan Fada ya rungumo giwan ruwa da ƙarfinsa. Nan ba haka ba ne. Sanduna ake kafawa a bayan jirgi, kowace da abin naɗe zare, a saki kifin roba mai ƙyalli da ƙugiya a jikinsa, jirgi na tafiya a hankali yana jansa. Kyaftin ido ɗaya na kan wata na'ura mai nuna zurfin ruwa da inda kifi ya taru, ido ɗaya na kan tsuntsaye, duk inda ya ga suna shawagi suna faɗawa ruwa can zai karya kan jirgi. Yaron jirgin ɗan Yauri ne, Basarke, wallahi da na ji Hausa a bakinsa tsakiyar teku sai da hankalina ya kwanta. Shi ya nuna mini ƙarshen zaren waya ce ta ƙarfe saboda wani kifi da ake kira barakuda, ya ce "Alhaji barakuda haƙoranta reza ne, zare zalla yanke shi take yi, kuma in ta hau jirgi don Allah kada ka kai hannu kusa da bakinta."

Da zaren ya yi ƙara ya fara zubewa da gudu sai anka ɗaura mini wata ɗamara mai ramin da gindin sanda ke zama, ka ɗaga sanda sama, ka sauke kana naɗewa, ka sake ɗagawa, hannu na rawa baya na ciwo yaron na cewa "kada ka sassauta Alhaji, kada ka sassauta". Wanda ya fito dorado suke ce masa, goshinsa a tsaye, jikinsa kore da ruwan zinari yana walƙiya, amma kafin mu gama ɗaukar hoto launin ya dushe ya koma toka-toka a gabanmu. Ikon Allah. Barakuda ma mun samu, kifin da ake kira tuna kuwa kyaftin ya ce sai an yi nisa sosai.

To ga ƙorafin. A waya an ce mana kuɗin ya haɗa komai, sai da munka nemi a ƙara gaba inda tunar take anka ce ai man da ke ciki na kusa ne, in ana son nisa sai an ƙara kuɗi. Na san tun da anka cire tallafin mai a 2023 fetur ya zama abin da ya zama, kuma injin jirgi shan mai gare shi ba kaɗan ba, ban ce su yi asara ba, amma a faɗa wa mutum tun yana ƙasa mana, ba sai yana tsakiyar ruwa ba shi da zaɓi. Ku sa su rubuto muku a WhatsApp awa nawa ne, nisan ina za a kai, mai na wa ne, kifin da anka kama na wa ne. Sannan kular da sunka kawo da giya a ciki, sai da munka ce a sauke, sun sauke ba musu. Abinci ku tafi da naku, mu kilishi da dabino ne sunka cece mu. Inuwa kaɗan ce, rufin bai rufe kowa, ku riƙe malafa. Sallah kuwa a zaune munka yi ta don tsayuwa ba ta yiwuwa, yaron nan ke duba alƙibla a wayarsa duk lokacin da jirgi ya juya.

Da munka dawo sun gyara kifin sun sa ƙanƙara, wannan kam sun kyauta. Amma Legas zuwa Sakkwato tafiyar kusan kilomita dubu ce a mota, ɗanye ba zai kai ba, sai da munka ba wata mata ta yi mana banda kafin mu ɗauko hanya. Naman barakuda fari ne mai tauri, bai narkewa a miya kamar tarwaɗa, mai ɗakina a farfesu ta fi son sa. In za ku je ku haɗu da yawa ku raba kuɗin, ku ɗauki yini guda cikakke, na rabin yini rabinsa a hanya yake ƙarewa.