Tambayar da aka yi mini a ɗakin gashin ƙashi a Liyon

Cikina na biyu yana wata shida ciwon ƙugu ya tsananta mini a nan Liyon ta ƙasar Faransa, har ya kai idan zan juya a kan gado sai na dafa bango na yi salati. A cikin fari, wanda na yi goyonsa a Maraɗi shekara biyar da suka wuce, na sha irin wannan ciwo, kuma daga Inna har malamar awo babu wadda ta ba ni abin da ya wuce haƙuri. A nan kuwa ungozomar da ke duba ni takarda ta rubuta mini in je wurin mai gashin ƙashi, wadda Faransawa ke taƙaita sunan aikinta su ce kine. Sai da na yi mako uku ina latsa waya kafin na samu gurbi, domin na dage sai mace, matan kuma duk layinsu a cike yake.

Ranar da na je, tare da maigidana, ta sa na yi tafiya a gabanta, na tsaya da ƙafa ɗaya, ta danna inda ƙasusuwan ƙugu suka haɗu a ƙasan mara har na yi ƙara. Daga nan ta koma gaban kwamfuta, kuma da irin muryar da ake tambayar farashin tumatir ta ce, "Madam, idan kika yi tari ko atishawa, fitsari yana zubo miki?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce a'a, idona a kan takalmina. Ta dube ni na ɗan lokaci, ta roƙi maigidan ya jira a waje, ta rufe ƙofa, ta maimaita tambayar.

Gaskiyar ita ce tun haihuwar fari nake fama da wannan. Shekara biyar ina duba zanina kafin kowace salla, ina sake alwala a asirce, ina danne dariya a gidan biki, kuma ko Inna ban taɓa faɗa wa ba. Yoyon fitsarin da na sani shi ne wanda ke kai mata asibitin Danja da ke kusa da Maraɗi bayan doguwar naƙuda, tunda nawa bai kai can ba sai na gode wa Allah na ja bakina. Matar nan ba ta nuna mamaki ko tausayi ba. Ta ɗauko ƙashin ƙugu na roba daga kan kanta, ta nuna mini jar tsokar da ke shimfiɗe a ƙasansa, wadda ke tallafe mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji kamar yadda majanyi ke tallafe goyo. Nauyin ciki da nishin haihuwa suna sassauta ta, kuma tunda tsoka ce, ana iya horar da ita kamar ta damtse.

Horon ba shi da wani kayan aiki. In matse kamar mai riƙe tusa a cikin jama'a, in ƙirga biyar ba tare da na ɗauke numfashi ba, in saki in huta, sau goma, safe da rana da dare, kuma ta gargaɗe ni kada in riƙa gwadawa a lokacin da nake fitsari. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne koyon sakin tsokar gaba ɗaya, wanda ta ce shi za a nema a wurina ranar naƙuda. Domin ƙugun kuma ta ba ni ɗamara, ta ce in sa matashi tsakanin gwiwoyi idan zan kwanta, in zauna kafin in sa tufafi, in haɗe ƙafafu wajen saukowa daga gado. Bayan kamar wata biyu atishawa ta kama ni a tashar bas cikin sanyi, na tsaya cak ina jiran abin da na saba, shiru.

Duk wannan ban ciro ko sisi ba, domin daga farkon wata na shida inshorar lafiya ta gwamnati ke ɗaukar nauyin mai ciki kacokan, koren katin nan na Carte Vitale kawai ake miƙawa. Ban da haka kowace mai ciki tana da zama takwas na shirin haihuwa, al'adar da ta samo asali daga likita Fernand Lamaze, wanda ya gano dabarun numfashi a Tarayyar Sobiyet a 1951 ya kawo su Faris. A ɗaya daga cikin zaman nan ungozoma ta sa muka durƙusa muka rungumi wata ƙatuwar ƙwallo, tana bayanin yadda hakan ke buɗe ƙugu, ni kuwa dariya ta kusa kufce mini. Haka kakanninmu suka haife mu, shi ya sa har yau muke cewa wance tana kan gwiwa. Amma ni a haihuwar fari rigingine aka kwantar da ni, da na yunƙura zan tashi aka daka mini tsawa.

Ba komai ne ya yi mini daɗi ba. Kowane zama sai an tambaye ni ina maigida, kamar rashin zuwansa laifi ne, ranar da ya zo kuma ya rasa inda zai sa idonsa. Zaman da ake yi cikin ruwa, wanda aka ce shi ya fi sauƙaƙa ƙugu, na haƙura da shi, domin yawancin wuraren ninƙaya na hukuma ba su yarda da kayan da ke rufe jiki ba. Da na haihu kuma, bayan kwana uku aka sallame ni zuwa gidan da babu mai ɗora mini ruwan zafi, babu mai dama kunu, babu 'yar barka ko ɗaya. A daren nan na yi kukan kewar Inna da runhunta.

Sai dai ko a cikin kewar ban fasa jin haushinmu ba. Muna ware wa mai jego kwana arba'in cur, gatan da Bafaranshiya ba ta taɓa gani ba, amma duk ya ƙare a kan tafasasshen ruwa da kunun kanwa, wanda tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawansa da ciwon zuciyar masu jego. A kwana arba'in ɗin nan babu mai tambayar yarinya ko tana iya riƙe fitsarinta, a wurin awo ma haka, alhali tambayar ba ta bukatar na'ura ko wutar lantarki. A nan zama goma aka rubuta mini na gyaran wannan tsoka, zan fara idan jaririn ya cika mako shida.

Jiya na kira ƙanwata a Tasawa, mai 'ya'ya uku, bayan gaisuwa na rufe ido na yi mata tambayar da aka yi mini. Ta yi shiru har na ɗauka layin ne ya katse, can ta ce a hankali, "Yaya, wa ya faɗa miki?"